Sunan da Majigi Ya Yi Ta Kira

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Iro, wanda ya koyar a makarantar elementare a nan Ƙanƙara. Sanƙarau ne ya ɗauke shi a tsakiyar bazara yana da ƙarfinsa, ya bar mace ɗaya da 'ya'ya biyu da ɗan ƙaramin littafi guda. Kowace shekara idan zafin nan ya dawo nakan yi masa sadaka, in roƙa masa gafara, in kama bakina. Bana bakin ya ƙi kamuwa. An ci mutuncin matar da ya bari a gaban garin nan kaf, kuma da littafinsa aka ci shi. Shi ya sa na roƙi a ba ni fili a jaridar nan.

Ni tela ne, keken ɗinkina yana wata rumfa a bakin kasuwa. Duk wanda ya san ni ya san ciwona, wato ƙananan littattafan nan da 'yan koli ke bazawa a tabarma ranar kasuwa. Babu wanda ya zo garin nan ban karanta ba. Na sha ɗinke wa mutum bakin aljihu saboda hankalina yana can wurin wata ɗiyar sarki da aljani ya sace. Yaya Iro ne ya koya mini karatun boko, shi ne kuma ya fara yi mini dariya da ya ga abin da nake yi da shi. Yakan ce, "Auta, kai sai an kawo maka dodo mai wuta a baki kafin zuciyarka ta motsa? Ga abin mamaki nan a tsakar gidanmu kana tsallake shi safe da yamma." Na ce wane abu ke nan? Ya ce in jira.

Abin da na jira shi ne littafinsa, Gonar Ƙetare. Babu aljani a cikinsa, babu sarki. Labarin wani manomi ne, Barmo, mai gona a ƙetaren rafi, da matarsa Asabe wadda ke kai masa abinci kowace rana da damina. Tun daga shafin farko Asabe ba ta kiran sunan mijinta, kamar yadda matan kirki ba su kira. Idan za ta ambace shi sai ta ce "mai gonar can". Idan maƙwabciya ta haifi ɗa aka sa masa Barmo, sai ta laƙaba wa yaron wani suna don kada harshenta ya taɓa wancan. Mai karatu yana tafe yana ganin yadda take kewaya sunan nan kamar mai kewaya garwashi da ƙafa, har ya gane cewa duk son da take yi wa mutumin a cikin kewayen nan yake. Can a shafin ƙarshe aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya kawo, Barmo ya shiga zai ƙetaro gida, ruwa ya ɗauke shi. Asabe tana tsaye a gaɓa da ƙwaryar tuwo a ka. Ta ga kansa ya nutse, ya taso, ya sake nutsewa. A nan ta buɗe baki ta kira sunansa, sau ɗaya tak. Shi kuwa da bai taɓa jin sunansa a muryar nan ba, sai ya zabura cikin ruwan ya waiwayo, hannunsa ya faɗa kan saiwar wata bishiya, ya riƙe. Iyakar littafin ke nan.

Kafin a buga shi, Yaya Iro ya karanta shi a rumfata da la'asar, kashi-kashi, mutane suna zaune a kan buhunan auduga. Ba a daɗe ba aka gane wadda ake nufi. Asabe tana da wushirya, kuma daga wajen Sabuwa aka auro ta. Matar Yaya Iro, Hajo, tana da wushirya, kuma ɗiyar Sabuwa ce. Idan za ta yi mini maganarsa takan ce "yayanka". Ga yara, "babanku". Ga mahaifiyarmu kuwa ko wannan ba ta iyawa, sai dai ta sunkuyar da kai ta ce "shi". Mutane suka yi dariyar jin daɗi, shi ma bai musa ba. Tun daga nan sunan Asabe ya bi Hajo, kuma suna ne na yabo. Na ji da kunnena tsofaffin mata suna yi wa amarya faɗa a daren kai ta suna cewa ta riƙe harshenta kamar Asabe ta gidan Malam.

Littafin ya fito 'yan watanni kafin ciwon ya kama shi. Ranar da zai cika ina ɗakin. Hajo tana durƙushe a gefensa tana ɗiga masa ruwa a baki da ludayi. Ni da kaina ya cika da littattafai, ina kuka ina kallon bakinta, ina jiran ta yi abin da Asabe ta yi, ko ya waiwayo. Ba ta yi ba. Ta ce, "Sannu." Ta sake cewa, "Sannu." Shi ke nan. Bayan takaba masu nema sun zo, ta ce ita yaranta za ta riƙe. Tana nan gidanmu tana kaɗi, tana tsokanata kamar yadda matar wa ke tsokanar ƙanin miji. Har yau ban ji sunan a bakinta ba.

To, bayan an gama awon auduga na bana, sai mai shela ya zaga da cewa motar majigi za ta zo, kuma a cikin abin da za a nuna har da Gonar Ƙetare, an mai da shi hoto mai motsi. Kada ku tambaye ni irin murnar da na yi. Na ɗinka wa kaina sabuwar taguwa. Shekara bakwai ina ganin Asabe a cikin kaina, yanzu gari duka zai gan ta a jikin farin ƙyalle. Na ce wa Hajo ta shirya, ta ce, "Kai dai je ka, sarkin mafarki. In ka ga aljanar taka ka gaishe ta."

Ga wanda bai taɓa gani ba, majigin da ake kawo mana ƙauye ba ya magana da kansa. Ana rataya farin ƙyalle a fili, a tada inji bayan magariba, hoto ya fito. Sai wani ma'aikaci ya tsaya a gefen mota da lasifika yana faɗin abin da mutanen cikin hoton ke cewa, daga takardar da aka rubuto masa a ofishinsu. Wanda ya zo mana sunansa Malam Sanda, dogon mutum mai kakin wando, mai murya kamar tambari.

Zan faɗi gaskiya ko da ina fushi. Da hoton ya buɗe, rafin da na gani ya fi wanda ke cikin littafi. Yaya Iro ya cika shafi guda yana kwatanta ruwa, majigi kuwa ya nuna shi yana gudu, har wasu yara na gaba suka ɗage ƙafafunsu. Dawa tana kaɗawa, gumi yana bin bayan mai noma. Wannan alƙalami ba ya iya shi. Na ce a raina, Yaya, da kana nan. Sai ga Asabe ta fito da ƙwarya a ka, kyakkyawa, har da wushiryar. Ta tsaya a bakin gona, bakinta ya motsa. Malam Sanda ya matse murya irin ta mata, ya ƙwala a lasifika:

"Barmo! Barmo! Taho ga tuwo!"

Fili ya yi tsit. Sa'an nan wani daga baya ya ce, "A'uzubillahi!" Dariya ta fashe.

Ba sau ɗaya ba ne, ba sau biyu ba. Duk inda matar nan ta fito, da sunan take fitowa. Barmo, ga ruwa. Barmo, akuya ta shiga gona. Barmo, malamin gona ya ce a shuka auduga a layi. Eh, har da wannan, domin sun cusa wani malamin gona mai hular kwano a tsakiyar labarin, ya tsaya yana auna kunyoyin gona da igiya. Wannan ban damu da shi ba sosai, mun saba, ba su taɓa kawo mana majigi babu darasi a ciki ba. Amma sunan! Kafin a kai rabi samari sun karɓe shi. Da zarar ta buɗe baki sai su riga lasifikar: "Barmoo!" Da aka zo wurin da ruwa ya ɗauke shi, wurin da na ga ƙatti suna share ido a rumfata, sai wani mahauci ya miƙe ya ce, "To kira shi mana, uwar marasa kunya, ai kin saba!" Aka kwashe da dariya har inji ya mutu.

Ina so masu haɗa majigin nan su ji wannan, in suna karanta jarida. Kun ɗauki rafin, kun ɗauki gonar, kun nemo mace mai wushirya, kun sha wahalar jiran damina don ku sami ruwa na gaske. Duk abin da ido ke gani a littafin kun kwashe. Abu ɗaya da littafin ya tsaya a kansa, wanda ba a gani sai dai a ji rashinsa, shi kuka zubar. Kiran da Asabe ta yi a gaɓar rafi yana da nauyi ne saboda shafuffukan da ta yi ba ta kira ba. Wanda ya raba kiran nan ko'ina cikin labari bai bar wa ƙarshe komai ba. Kuma ba labari kaɗai kuka ɓata ba. Lasifika ba ta san katanga ba. Gidanmu yana bayan filin. Hajo tana zaune a tsakar gida da mazarinta, ta ji komai, ta ji dariyar, kuma ta san garin duka ya san wace ce Asabe.

Da gari ya waye abin ya zama waƙa. Yara suna wucewa ta ƙofar gidanmu suna matse murya suna kiran Barmo. A rijiya wata ta ce wa wata, yadda Hajo za ta ji, ashe abin da ake yi a cikin ɗaki daban, ga shi Turawa sun tona. Mutanenmu suna ɗaukar abin da suka gani a ƙyallen nan kamar shaida. Littafi, in ji su, mutum ne ya zauna ya tsara, amma hoto ai ba ya ƙarya. Sunan da aka yi shekara bakwai ana yabon mace da shi ya koma zagi a dare ɗaya. Hajo ta daina zuwa rijiya. Ta daina tsokanata, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Rana ta uku ta tare ni a zaure ta ce, "Auta, ina motar nan za ta in ta bar nan?"

Na ce Pauwa da 'Yargoje, sa'an nan Faskari, daga can Sabuwa.

Mahaifinta, Baba Mati, yana Sabuwa da ransa, tsoho ne mai kaifin zuciya wanda ke alfahari da tarbiyyar ɗiyansa, kuma ya san an sa ɗiyarsa a littafi, surukinsa da kansa ya kai masa ya karanta masa. Ta ce, "Zai zauna a gaba cikin dattawa. A gabansu za a nuna masa wai haka na zauna da yayanka." Ba ta yi kuka ba. Ta koma ciki.

Na rufe rumfa, na ari keke, na bi motar. A Faskari na ishe ta, ƙarƙashin wata kuka kusa da duwatsu, Malam Sanda yana zaune a kan akwatin inji yana shan fura. Na yi sallama, na faɗa masa ko ni wane ne.

Ya ce, "Ƙanin mai littafi? Madalla! Ka ga yadda garinku suka yi dariya? Ban taɓa samun taro mai daɗi irin wannan ba."

Na ce, "Malam, littafin ba na dariya ba ne. Ka karanta shi?"

Ya ce a'a, shi takarda aka ba shi, abin da ke ciki yake faɗa. Ya ce Baturen da ya tsara abin ya kafa doka: duk sa'ad da mutum ya fito a hoto a faɗi sunansa, a kuma maimaita, domin mutanen ƙauye suna ruɗewa, ba su gane wane ne wane idan hoto ya sauya.

Na ce, "Mutanen da ke gane saniyarsu a cikin garke tun daga nesa, su ne ba za su gane miji da matarsa ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai tela, allurarka a baki take."

Na ce, "Malam Sanda, kana da iyali?"

"Alhamdu lillahi."

"Uwargidanka tana kiran sunanka?"

Ya ajiye ludayi. "Subhanallahi! Ta kira ni Sanda? Ai da ta kwana gidan ubanta."

"To matar yayana ce kake sa wa wannan a baki, gari gari. Jibi a gaban ubanta za ka sa mata."

Ya ture ƙwaryar furar gefe. Sa'an nan ya ce aikinsa ne, in ya sauya takarda aka kai ƙara, wa zai ciyar masa da yara? Ban ga laifinsa ba a nan, ko da yake a lokacin ji na yi kamar in kifar da ƙwaryar. Na ciro littafin daga aljihu na ajiye masa a kan akwati, na ce ba shi da tsawo, kafin la'asar zai gama. Bai ɗauka ba ina wurin.

A Faskari ma haka aka yi. Aka kira Barmo, aka yi ihu, aka yi tafi. Sai dai na lura da abu ɗaya. Da aka zo wurin rafi, Malam Sanda ya yi ƙoƙari ya sa tausayi a muryarsa, taro kuwa ya bi ta kansa da shewa, wata mai tuwo-tuwo har tana guɗa. Na ga ya sauke lasifikar yana duban mutanen. Mai sana'a ne, kuma mai sana'a ba ya son a yi dariya a inda ya nufi a yi kuka. Da aka tashi na je gaishe shi. Bai yi mini alkawarin komai ba. Ya dai ce, "Littafin naka yana wurina."

Na koma Ƙanƙara babu labari mai daɗi. Hajo ta riga ta ɗaure kayanta. Ta ce, "Kai ni gida. In za a kunyata Baba, gara ina kusa, ya zage ni ido da ido." Muka hau motar 'yan kasuwa zuwa Sabuwa, a kan buhunan gishiri.

A Sabuwa filin majigin yana jikin dangan gidan Baba Mati. Matan gidan suka taru a bayan danga suna leƙe ta tsakanin kara, Hajo a cikinsu. Baba Mati yana gaba a kan buzu, da sandarsa a cinya, yana faɗa wa na kusa da shi cewa yau za su ga irin ɗiyan da yake haifa. Ni ina tsugune kusa da mota.

Hoto ya fito. Malam Sanda ya ce da muryarsa ta maza, a hankali, "Jama'a, wannan Barmo ne, manomi. Waccan mai ƙwarya matarsa ce, Asabe." Asabe ta tsaya a bakin gona, bakinta ya motsa. Na runtse ido. Ban ji komai ba sai ƙugin inji. Da na buɗe, Barmo ya ɗago kai daga kunyar da yake nomewa yana murmushi, kamar inuwarta ce ta kira shi. Wani tsoho ya ce, "Ka ga mai kunya."

Haka ya bi da shi har ƙarshe. Inda takarda ta ce Barmo, wani wuri ya ce "mai gonar can", wani wuri ya bar bakin matar ya motsa a banza. Ya bar malamin gona ya yi awonsa da igiya, bai rage masa ko kalma ba, don kada a ce ya taɓa darasi. Abin da na gani a daren nan ban taɓa karanta shi a littafi ba. Da aka cire surutun, sai fuskar matar nan ta fara aiki. Ashe ta iya. Akwai wurin da take zuba masa ruwa a hannu tana kallon ƙasa, ta saci kallonsa sau ɗaya ta gefen ido. A Ƙanƙara ihu ya rufe wannan, ban ma gan shi ba. A Sabuwa fili duka ya gani, har na ji wata a bayan danga ta ce, "Oho!" Yaya Iro ya yi shafi biyu kafin ya faɗi abin da idon nan ya faɗa cikin ƙiftawa ɗaya. Hoton da kyansa aka yi shi. Takardar da aka ɗora masa ce ta kashe shi.

Ruwa ya zo. Rafi ya kawo. Kan Barmo ya nutse, ya taso, ya nutse. Ba mai tari a filin. Asabe ta saki ƙwarya, bakinta ya buɗe. Malam Sanda bai matse murya ba. Da muryarsa ta Allah da Annabi, wadda ta ɗan karye a tsakiya, ya kira sunan sau ɗaya, ya bi ta kan rufin garin ya tafi daji. A bayan danga wata tsohuwa ta ce, "Wayyo Allah, ta kira shi!" Hannun Barmo ya kama saiwa. Mutane suka sauke numfashi tare, kamar an sauke musu kaya.

Baba Mati ya dogara sanda ya miƙe, ya juya ga dattawa ya ce, "Kun gani? To wannan kwaikwayo ne. Ta gasken tana cikin gida." Ya aika a kai wa Malam Sanda zakara.

Kada mai karatu ya ɗauka fushina ya huce. Abin da ya faru a Sabuwa alherin mutum ɗaya ne a maraice ɗaya, kuma a ɓoye ya yi shi, yana tsoron aikinsa. Takardar tana nan yadda take. An ce mini akwai wasu motocin da wasu masu lasifika, suna zaga wasu larduna, kowannensu yana matse murya yana kiran Barmo, mutane suna tafiya gida da cewa wani malamin Ƙanƙara ya rubuta labarin mace marar kunya. A garinmu ma, inda aka fara ɓarnar, ba a sake nunawa ba. Yara sun gaji da waƙar, amma matan rijiya ba su manta ba. Ina roƙon waɗanda abin ke hannunsu su gyara takardar nan, su kuma dawo da motar Ƙanƙara a nuna shi yadda aka nuna a Sabuwa. Ba sai an sake ɗaukar hoto ba. Alƙalami kawai za a sa a soke kalma ɗaya a duk inda ta fito, a bar ta a wuri ɗaya. Kuma nan gaba, in za a ɗauki littafin wani a mai da shi majigi, a nemi wanda ya san gidan da labarin ya fito a tambaye shi abin da ba a taɓawa. Kullum a jaridar nan ana maganar mulkin kai yana tafe. Ina mamakin yadda za a miƙa ƙasa ga mutanen da ba a yarda za su iya riƙe sunan mutum ɗaya daga farkon hoto zuwa ƙarshensa ba.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya Iro zai ce da yana raye. Na san ba zai ƙi majigi ba. Mutum ne mai son sabon abu, shi ya fara kawo agogon tebur unguwarmu. Da ya ga rafin nan yana gudu a jikin ƙyalle, da ya yi tafi kamar yaro, ya ce sun fi shi. Malamin gona mai igiya ma dariya zai ba shi. Amma da ya ji kiran farko a lasifika, na san abin da zai yi. Ba zai yi faɗa irin nawa ba. Zai tashi ya naɗe tabarmarsa ya koma gida ya zauna kusa da Hajo, don kada ta ji abin ita kaɗai.

Makarantar da ya koyar ta sami sababbin malamai, yaran da ya koya wa baƙi wasu sun zama malamai su ma, ba duka ke tuna shi ba. Littafin yana nan a tabarmar 'yan koli tsakanin aljanu da 'ya'yan sarakuna, bangonsa yana ƙoƙewa a rana. Na daɗe ina zaton shi ne abin da ya bari. A hanyarmu ta dawowa daga Sabuwa, a bayan motar 'yan kasuwa, na ga fuskar Hajo ta saki, sai na samu ƙarfin tsokanarta. Na ce, "To, matar yaya, kin ga kanki a majigi. Ya kika ji da Asabe ta ƙwala kiran nan?"

Ta gyara lulluɓi ta ce, "Ta yi ƙoƙari, baiwar Allah. Amma ko a littafin ma yayanka ƙari ya yi."

Na ce, "Ƙari kamar yaya? Mutum ruwa zai tafi da shi, ba za ki kira shi ba?"

Ta dube ni irin kallon da take yi mini tun ina yaro idan na faɗi shirme. Ta ce, "Auta, kai dai littafi ya cinye ka. In kira shi a gaban mutane? Ni da ni ce, ruwan zan faɗa."

Allah ya jiƙan Malam Iro, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari.